Ɗan Gadon Jariri na Gefen Uwa: Daga Awo Zuwa Ranar da Za a Naɗe Shi

A ƙauyukanmu jariri ba shi da makwancin da ya wuce gefen uwarsa. A shimfiɗa masa zani ta wajen bango, ita ta kwanta ta baki, in ya motsa ta juya ta ba shi nono. Haka aka yi mana, haka muka tarar. Amma duk wadda ta yi jego ta san irin barcin da ke kwashe mace bayan wankan yamma da kofin kunun kanwa. Ga yayansa ɗan shekara biyu da bai yarda ya bar gadon ba, ga bargo, ga filo biyu ko uku. Labarin an danne jariri cikin barci ba baƙo ba ne a kunnenmu, sai dai akan faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa, a bi shi da "kwana ne ya ƙare".

Ɗan gadon da ake jinginawa da gadon uwa an yi shi ne don wannan. Yaro yana kusa, kina jin numfashinsa, hannunki yana kai gare shi ba sai kin sauko ba, amma shimfiɗarsa daban. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa amma ba gado ɗaya ba, aƙalla wata shida na farko, kuma hakan na iya rage haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci da kusan rabi. Irin wannan mutuwa ta fi aukuwa tsakanin wata biyu da wata huɗu, wato daidai lokacin da aka gama arba'in, 'yan taya jego sun watse, aikin gida ya dawo kan uwa ita kaɗai.

Sai dai ba kowane gado ba ne ke yin wannan aiki, kuma mai kyan ma in an kafa shi ba daidai ba, gara babu.

Mataki na farko: kafin kasuwa, ki auna gadonki

Da ƙanwata ta zo wankan gida a haihuwarta ta fari, mijinta ya aiko da irin wannan gado daga birni, sabo fil a kwalinsa. Gadon Inna kuwa na ƙarfe ne irin na da, mai rumfa, an ɗora masa katifa biyu. Ko da aka ɗaga ƙafafun ɗan gadon har ƙarshe, bai kai rabin katifar sama ba. Ya ƙare a lungu ana tara masa wankakkun kaya. Ba laifin gadon ba ne, ba a yi awo ba ne.

Ki aro tef ɗin tela, ki auna daga ƙasa zuwa saman katifarki, ki rubuta. In babu tef, ki yanki kara daidai tsayin, a tafi da shi kasuwa. Ki auna kuma filin da ke gefen gadon, domin ɗakin mace a wajenmu cike yake: kabad, jeren kwanuka, akwatuna, wani lokaci har da buhun gero. Irin waɗannan gadaje tsawonsu kan kai santimita 90 zuwa mita ɗaya, faɗinsu ya ɗan haura rabin mita, kuma kina buƙatar hanyar da za ki sauko da daddare ba tare da kin ture shi ba.

Ki leƙa ƙarƙashin gadon. Akwai ƙarfe ko katakon da za a zagaya maɗauri a ɗaure? Ƙafafun ɗan gadon za su iya shigewa ƙarƙashi? Gadajen katako na yayi, masu faffaɗan allo a gefe da ya fito ya wuce katifa, su ne masu ba da wahala, domin allon yana hana ɗan gadon mannewa da katifa, sai a sami rami a tsakani.

Sannan daɓen ɗakin. In siminti ne lafiyayye, to. In daɓen ƙasa ne ko simintin da ya farfashe, ki zuba ruwa a faranti ki ajiye a wurin, ki ga ko ya karkata gefe guda. Wurin da ya karkata a gyara shi tun yanzu, a cike a daɓe. Kada a bari sai an kawo gado a riƙa cusa masa tsumma ko fasasshen bulo a ƙafa.

In kuma katifarki a ƙasa take, ko tabarma ce, to mai jingina ba naki ba ne. Ki nemi wani iri.

Mataki na biyu: wane iri?

Mai jinginar shi ne wanda gefensa ɗaya ke sauka da zif ko maɓalli, ƙafafunsa na ɗaguwa hawa-hawa, kuma yana zuwa da maɗaurai biyu da ake ɗaure shi da gadon uwa. Wadda aka yi wa aiki aka ciro yaro ta fi kowa jin daɗinsa, don ba sai ta yi ta miƙewa tana sunkuyawa ba. Shi ne kuma ya fi tsada, ya fi son kulawa.

Akwai mai tsayawa da kansa, gefensa huɗu a rufe da raga, ana naɗe shi kamar laima a sa a jaka. A ganina shi ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Ba ruwansa da tsayin gadonki, ba shi da ramin da za a yi ta dubawa, kuma ranar komawa ɗakin miji bayan arba'in, mai babur ma ya isa ya ɗauko shi.

Ga mai kwana a ƙasa, kwando mai shimfiɗaɗɗen gindi ko akwatin katako marar murfi ya wadatar, muddin ƙasansa a miƙe yake, gefensa kuma ba ya lanƙwashewa. Kada a raina shi. A ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati ke ba masu ciki kwalin kayan haihuwa da 'yar katifa a ciki, kwalin kuma shi ne gadon farko na jarirai da yawa a can.

Waɗanda ba na barci ba ne, ko da mai kanti ya rantse miki, su ne kujerar lilo mai kishingiɗa da kuma lallausar shimfiɗar nan mai tudun auduga a kewaye, wadda ke zuwa cikin saitin kayan haihuwa da ɗan filonta da net mai kama da laima. Kyan ɗan maciji gare su. Jaririn da aka kishingiɗar, kansa yakan rinjayo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar iska ta matse, shi kuwa wuyansa bai yi ƙwarin da zai ɗago ba. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerun barci masu kishingiɗa kusan miliyan 4.7 daga kasuwa bayan rahotannin mutuwar jarirai sama da 30, kuma tun 2022 dokar Amurka ta hana sayar da makwancin jariri da karkatarsa ta wuce digiri 10. Na kawo wannan ne domin abin da aka daina sayarwa a can, ba wuya ka gan shi a dilar gwanjo a nan.

Mataki na uku: a gaban mai kaya

Sababbi sai an shiga Kano, Sabon Gari ko manyan kantunan kayan yara, ko a Dutse da Haɗeja. Na hannu kan ɓullo a wajen 'yan gwanjo, wani lokaci har a kasuwannin mako irin Wudil ranar Juma'a. Ko'ina ne, kada ki karɓi kwali a rufe. A buɗe, a harhaɗa a gabanki. In maigida ne zai je, Malam, wannan sashen naka ne, kuma don Allah kada ka ji nauyin sa mai kanti ya kwance kaya.

Ki dafa gefen gadon ki girgiza shi da ƙarfi. In yana rawa, ko wani maƙale yana sakin kansa, ki bar shi. Ki danna ƙasansa da tafin hannu: allo ne mai ƙarfi, ko yadi ne kawai da zai lotsa ya zama kamar majanyi? Mai lotsawa ba ya yi.

Katifar ita ce inda aka fi yaudarar mutane, domin hannu yana son laushi. Ki danna tsakiyarta ki saki. Ta ƙwarai ba ta nutsewa sosai, kuma nan take take dawowa, ba ta barin shaidar hannu. Siririya ake so, kaurin kamar santimita 4, ta cika gadon ɓam. In yatsunki biyu sun shige tsakaninta da gefe, ta yi kaɗan, kuma fuskar jariri na iya faɗawa nan. Wata za ta ce, "Wannan ai kamar a kan allo zai kwanta." E, kusan hakan ake so. Jikin jariri ba shi da nauyin da katifa mai tauri za ta dame shi, mai laushin ce ke iya rufe masa hanci in ya juya.

In gefen na sanduna ne, ki sayi lemon gwangwani ki gwada. Gwangwanin bai kamata ya wuce tsakanin sanduna biyu ba, domin tazarar da aka yarda da ita ba ta wuce santimita 6 ba. In ta fi haka, jikin yaro na iya zurarewa kansa ya maƙale. In na raga ne, ki bi ɗinkin da yatsa: ba yagewa, ba zaren da ya saki, idanun ragar ƙanana ne da yatsan jariri ba zai shiga ba. Daga saman katifa zuwa bakin gefe kuma kada ya gaza santimita 20.

Ga mai jingina akwai ƙarin abu biyu. Maɗauran nan dole su kasance a ciki, da ƙugiyoyinsu lafiya. Na gwanjo sau da yawa an yar da su tun a can, mai kaya zai ce miki ai igiya ma ta yi. Ba ta yi ba, igiya tana saki. Na biyu, in an sauke gefen, ya kamata wani ɗan shinge ya rage. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1130, wadda aka sabunta a 2019, ta ce ya rage santimita 12, don kada yaro ya mirgino kan katifar uwa. Tsofaffin da gefensu ke sauka gaba ɗaya, ko ya tsaya rabi a naɗe, an yi su ne kafin wannan gyara. In irinsa kika samu, ki yi amfani da shi a rufe kawai.

Ki nemi takardar bayani, ki duba nauyin da aka ƙayyade, yawanci kilo 9 ne. In turanci ne ko wani yare, hotunan ma suna bayani, ko ki kai wa ma'aikaciyar asibiti ranar awo ta duba miki. Na hannu kuma ki bi lungunansa da tocila saboda kuɗin cizo, ki shinshina katifar. Mai warin ruma ko tabon fumfuna a yar da ita, a yanko sabon soso mai tauri daidai awon.

In kafinta za a ba

Ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma ya fi. Kafintan garinku zai zo ya ga gadonki da idonsa, ya yi daidai tsayinsa. Abin da za a kiyaye shi ne kada a bar shi ya yi yadda ya ga dama, domin shi ado zai sa a gaba.

A ce masa cikin gadon ya zama kamar inci 34 a tsawo, inci 18 a faɗi. Tsakanin sanduna kada ya wuce inci biyu da kwata. Gefe huɗu duk a kafe, ba mai sauka ba, domin sakatar gida ba abin dogaro ba ce a nan. Ƙasa allo ɗaya mai kauri, a huda masa 'yan ƙananan ramuka don iska. Ƙafafu su ɗan buɗe ta ƙasa yadda yayansa in ya rataya a jiki ba zai kifar da shi ba. Ba ƙaho a kusurwa, ba zanen fure da aka huda a allon kai, domin riga kan sarƙafe a ƙaho, hannu kan shige huda. A haɗa da noti maimakon ƙusa, don a iya kwancewa in za a yi tafiya. A goge ko'ina da samfefa har sai kin shafa da bayan hannu ba ki ji kaushi ba.

Fenti kuwa, ni da za a bi tawa a bar katakon haka nan. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, yaro kuma da ya fara haƙori sai ya gwaguyi bakin gado. In an riga an shafa wani abu, a bar gadon a inuwa a waje har warin ya fita tas. Shi ya sa ake ba da aikin tun ciki na wata bakwai, ba ana gobe suna ba.

Mataki na huɗu: kafawa

A harhaɗa da rana, ido na gani. Kowace ƙafa ta shiga hawa ɗaya da 'yar'uwarta, ki ji ƙarar maƙalewarta. Wasu gadajen ana iya ɗaga gefen kai ya fi na ƙafa, wai don tumbiɗi. Kada ki taɓa wannan, a bar shi a miƙe. In da taya, a taka birki.

Ga mai jingina, saman katifarki ya zama daidai da bakin shingen da ya rage, ko ya ɗan fi shi tsayi. Kada shingen ya haura katifarki, don kada wuyan yaro ya sami abin da zai rataya a kai. Ki zagaya maɗauran ta ƙarƙashin gadon yadda takarda ta nuna, ki ja har sai gadajen biyu sun manne. Daga nan ki hau gadonki, ki kwanta a baki, ki juya, ki tashi zaune. Katifar soso takan lotsa ko ta zame in an hau, ramin da ba a gani da rana sai ya buɗe da dare. In rami ya buɗe, kada ki toshe shi da zani ko filo. Ki ɗaga gefen ki zuge, gadon ya koma mai tsayawa da kansa. Wannan dubawar kowane dare ce, domin shara da gyaran gado suna motsa shi.

Ki ɗaga kai ki dubi abin da ke sama da gadon. Ƙusar da aka rataya jaka, kantar da aka jera tangaran, labule da igiyarsa, wayar cajin sola, igiyar shanyar da ake ɗaurawa cikin ɗaki da damina: duk a kawar, ko a matsar da gadon. A ɗakin azara ki lura da inda ƙasa ke zubowa ko inda yake yoyo. Ki bar tazara tsakaninsa da bango saboda kunama da cinnaka, kada kuma wani zani ya zubo daga gadon ya taɓa ƙasa ya zama musu tsani.

Gidan sauro

Nan ne shawarar ƙasashen sanyi ba ta isar mana, don su ba su da zazzaɓin cizon sauro. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata da damina a Kano da Jigawa, daga ɗan wata uku yake farawa zuwa wata 59. Kenan jaririn da bai kai wata uku ba, gidan sauro ne kariyarsa.

Abin da ya fi shi ne babban gidan sauro mai magani guda ɗaya ya rufe ku duka, gadonki da nasa. A ƙara ƙusa a bango ko a kafa sanda don ya buɗe sosai, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifarki ta gefe uku, ta gefen yaro kuma ya sauka ta bayan gadonsa har ƙasa a danne. In bai kai ba, tela zai iya haɗa biyu. Abin da ba a so shi ne net ya ratsa tsakanin gadajen biyu alhali gefen na buɗe, ko ya yi ciki ya sauko kusa da fuskar yaro. In kowa da nasa ne, to gefen ɗan gadon ya zauna a rufe, nasa net ɗin kuma a ɗame yake, hannunsa ba ya kai wa. Ki sani yawancin net ɗin da ke zuwa tare da gado ba shi da magani, tare sauro kawai yake yi, don haka huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin.

Sabon mai magani a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. Maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya kuwa ba su da wuri a ɗakin da jariri yake.

Mataki na biyar: kwanciyar kanta

Rigingine. Dare da rana, barcin minti goma ko na awa uku, a bayansa zai kwanta. Ba rub da ciki ba, ba kuma a gefe ba, domin na gefe shi ke mirginawa ya kifa.

Na san nan ne za ki sha magana. Gwaggo za ta ce, "Ke 'yar nan, in ya yi tumbiɗi ai shaƙewa zai yi, juya shi." Tsoronta na gaskiya ne, kuma ƙauna ce ta sa ta faɗa, don haka ba da gardama za ki amsa ba. Ki ce, "Gwaggo, a asibiti sun nuna mana, hanyar iska ta gaba take, ta abinci tana bayanta. In yana rigingine, abin da ya taso komawa yake ta hanyar abinci don ita ce a ƙasa. In ya kifa ne ta iskar ke komawa ƙasa." Haka abin yake. Lafiyayyen jariri yana haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar. A Amurka, bayan gangamin kwantar da jarirai rigingine da aka fara a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. In surukarki ce ba ki iya musu da ita, ki bar ɗanta ya faɗa mata, ko ku je awo tare ta ji daga bakin ma'aikaciya. Ki sa shi ya yi gyatsa a kafaɗarki kafin ki kwantar, shi ke nan.

Masu cewa ƙeya za ta baje, goyo da ɗauka suna maganin wannan, haka ma kifa shi a cinyarki ko a tabarma yana farke kina kallonsa.

Cikin gadon kuma ba komai sai katifa da zanin da ya ɗame ta, an cusa bakinsa ƙasa sosai. Ba filo, ko ɗan ƙaramin nan na saiti. Ba 'yar tsana, ba tawul da aka naɗe a tare shi, ba tudun soso a kewaye. In za a sa leda saboda fitsari, mai kauri ce da aka yi don haka, a ƙarƙashin zani, ba ledar da katifa ta zo a ciki ba. Duk abin da aka rataya masa a wuya da zare, laya ce ko sarƙa, a cire lokacin barci. Wanda ke son layar ta zauna kusa, a ɗaure ta a ƙafar gadon ta waje. Na san gadon zai yi fayau, 'yan barka su ce ba a yi masa ado ba. Ki yi adon ranar suna a ɗauki hoto, da dare ki kwashe.

Shayarwar dare ita ce jarrabawar. Kin jawo shi, yana sha, idonki na rufewa. Ki saba da mayar da shi da zarar ya saki nono, ki ɗaga gefen ki zuge kafin ki koma barci. Saboda wata rana barcin zai fi ƙarfinki, ki kawar da filo da bargo daga inda kike shayarwa tun kafin ki fara, in kin farka kuma ki mayar da shi nan take. Kada ki koma kujerar kushin don gudun barci, yin barci da jariri a kanta ya fi na gado haɗari nesa ba kusa ba. Ranar da kika sha maganin mura mai sa barci, ko yaron bakwaini ne ko an haife shi da ƙarancin nauyi, a ƙara tsanantawa. 'Yan biyu kuwa kowa da nasa, ɗan gadon nan bai isa biyu ba.

Zafi, sanyi, hayaƙi

Mun fi tsoron sanyi, amma zafi ma yana kisa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, rana kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. 'Yar shimi da nafkin sun isa. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, ba tafin hannu ba, don hannu da ƙafa kullum sun fi sanyi. In ya jiƙe da gumi, a rage kaya. In an fito tsakar gida kwana, gadon ya fito da net ɗinsa, a ajiye shi inda ya daidaita, nesa da turken dabbobi.

Da hunturu a ƙara masa riga a kan riga, da safa, maimakon a lulluɓe shi da bargon manya. In dole sai an rufa, a sa ƙafafunsa su taɓa ƙarshen gadon, a rufa masa mayafi marar nauyi iya ƙirji, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, hannuwa a waje. Hula a cire in an shiga barci cikin ɗaki, sai fa in bakwaini ne asibiti suka ce a bar masa. Naɗe shi cikin shawul kuma a daina da ya fara yunƙurin juyawa.

Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki shi ne abin da na fi jin tsoro a ɗakin mai jego. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, babba ma takan kwantar da shi, balle ɗan kwana goma. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, iska ta ɗan shiga, sannan a shigo da yaro. Turaren wuta ma a yi shi yaro na waje. Mai shan taba ya sha can nesa da ɗakin, janareta kuma kada a ajiye shi gindin taga. Fitilar kwai da kyandir ba sa zama kusa da net.

In kin ga numfashinsa ya yi sauri ainun, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, wannan ba maganar gado ba ce, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne.

Ɗauka, tsafta, da ranar dainawa

Ba a ɗaukar gadon ko a tura shi da yaro a ciki, ko daga ɗaki zuwa rumfa ne. A cire shi tukuna. A tsakar gida kada a ɗora kwando a kan turmi ko benci, a ajiye a ƙasa a inuwa, net a rufe saboda ƙuda da kaji da mage. Yayyensa a gaya musu da babbar murya: ba a hawa, ba a ba shi abinci, ba a rufa masa zani. Duk sanda aka naɗe aka sake buɗewa a wani gida, a maimaita girgizawar nan da duba maƙalai, kuma gadon can ba lallai tsayinsa ya zo ɗaya da naki ba.

Katifar a riƙa fitar da ita rana, a tabbata ta bushe kafin a mayar. Nonon da ya zuba a goge da wuri, shi ke kiran tururuwa. In kuɗin cizo ya shiga, tafasasshen ruwa a lungunan ƙarfe ko katako da shanya a rana mai zafi, ba feshi ba. Notuna a bi su a ƙara ɗaurewa duk mako.

Gadon nan na ɗan lokaci ne. Ranar da kika ga ya dafa hannuwa ya ɗago ƙirji yana neman yin rarrafe, ko ya kama gefe yana son tashi zaune, ko ya kai nauyin da takarda ta faɗa, to ya gama da shi, ko da bai cika wata shida ba. Wasu tun suna wata huɗu da rabi suke kai wa nan. Daga lokacin sai babban gadon yara mai zurfi, ko katifa mai tauri a ƙasa, nesa da bango, cikin gidan sauronsa. Shi kuma ɗan gadon a wanke, a shanya, a haɗa maɗauransa da notunansa da takardarsa a ƙulle a leda ɗaya a ɗaure a jikinsa, a ɗora shi a sama inda gara da ɓera ba za su kai ba.